Laifin Jiya a Bakin Iyaka: Yadda Takarda Ta Fara Riga Matafiyi Isa

Duk wanda ya taɓa cike fom ɗin neman bizar Amurka ya ci karo da wata tambaya can wajen ƙarshe, bayan an gama tambayar sunan mahaifi da wurin aiki da wanda zai ɗauki nauyin tafiya. Ana so a san ko an taɓa kama shi, ko kotu ta taɓa samunsa da laifi, ko da daga baya an yi masa afuwa. Amsa biyu ce kawai, e ko a'a. Yawancin mutane kan zaɓi a'a su wuce. Amma akwai waɗanda hannunsu kan tsaya a nan: malamin makarantar da ya samu gurbin ƙaro ilimi, wanda aka taɓa cin sa tara tun yana saurayi saboda faɗan ranar zaɓe, ɗan kasuwar da ya taɓa kwana uku a caji ofis kan rikicin bashi, direban da aka kama da jarkokin fetur a lokacin da iyaka ke rufe.

A Sandamu, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi biyar na masarautar Daura tare da Daura da Mai'aduwa da Zango da Baure, wannan tambaya baƙuwa ce idan aka auna ta da tsawon tarihin wurin. Titin da ya taso daga Kano ta Kazaure ya shiga Daura, ya zarce Kwangwalam a bakin iyakar Nijar, har ma ƙasar waje ta fi Kano kusa da mutumin Sandamu. Kakanninsa sun yi ta kai da komo tsakanin nan da Damagaram da Agadas da Gwanja da Makka ba wanda ya nemi su nuna takardar abin da suka taɓa aikatawa. Yadda aka taso daga wancan zamani zuwa wannan, inda laifin mutum kan riga shi isa ƙasar da zai je, labari ne na shekaru ɗari da 'yan kai, kuma wani sashe nasa a ƙasar Daura ya faru.

Lokacin da shaida take a bakin mutane

Kafin zuwan Turawa ba a rasa hanyar tantance baƙo ba. Falke da ya shiga ayari madugu ne ke tsaya masa. Idan ya sauka a zango, mai masauki ne ke karɓarsa, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa masu saye, ya kuma ɗauki alhakinsa a gaban sarkin gari. Almajiri kan faɗi sunan malaminsa, mai sana'a ya faɗi gidan da ya koya. Zanen fuska kan nuna asalin mutum tun bai buɗe baki ba. Idan falke ya ci amana a Salaga, labarin kan biyo ayari har Kano, masu masauki su daina karɓarsa. Hausawa da suka ce hali zanen dutse ne sun san abin da suke faɗa.

Sai dai wannan shaida tana da iyaka, domin ba ta wuce inda aka san mutum. Wanda ya yi abin kunya a garinsu yana iya shiga duniya, ya sauka inda ba a san shi ba, ya nemi gona a wurin mai gari, ya yi aure, ya tsufa da mutunci. Korar mai laifi daga gari ma hukunci ne sananne, kuma a cikinsa akwai amincewa cewa wani garin zai karɓe shi. Tarihin sarautar Daura kansa ya nuna yadda ƙetara iyaka ke zama mafita. Da jihadi ya iso a farkon ƙarni na 19, Malam Isiyaku ya karɓi birnin, Sarkin Gwari Abdu ya fita da jama'arsa, zuriyarsa suka kafa sarautu a Zango da Baure a ƙarƙashin inuwar Damagaram. Kusan shekara ɗari ƙasar Daura tana rabe gida uku, kuma wanda ya saɓa da hukumar wannan gida tafiyar yini ɗaya ta ishe shi ya isa inda hannunta bai kai ba. Sai a farkon mulkin Ingila aka ɗauko Malam Musa daga Zango aka ɗora shi a gadon Daura, aka sake haɗe masarautar.

Layin da aka ja, da rajista iri biyu

Iyakar da ke arewa da Daura a yau an tsara ta ne a teburin London da Paris, a yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906. Tsakanin 1906 da 1908 ayarin haɗin gwiwa ƙarƙashin Manjo O'Shee na Ingila da Kyaftin Tilho na Faransa suka bi ƙasa suna kafa turakun iyaka, aka tabbatar da aikin a 1910. Layin ya haura kilomita 1,400, ya ratsa gonaki da dangi, ya bar wani yanki na tsohuwar ƙasar Daura a hannun Faransa. Masanin siyasa William Miles ya zauna a ƙauyuka biyu maƙwabta, 'Yardaji ta ɓangaren Najeriya da Yekuwa ta ɓangaren Nijar, ya fitar da littafinsa Hausaland Divided a 1994, inda ya nuna yadda mutane masu harshe ɗaya da addini ɗaya suka tashi da hukuma iri biyu.

A shekarun farko layin bai tare kowa ba. Ya ma ƙara wa talaka mafaka: masu gudun aikin tilas da harajin Faransa suka riƙa gangarowa kudu, wanda dogarai ko 'yan doka ke nema a kudu ya haura arewa. Abin da ya sauya a hankali shi ne yadda kowace hukuma ke tuna laifi.

Faransa ta zo da tsarin da ta ƙirƙiro tun 1850 bisa shawarar wani alƙali, Bonneville de Marsangy. Duk inda aka yanke wa mutum hukunci, sai a aika takarda zuwa kotun yankin da aka haife shi, a ajiye a jakarsa. Mutum na iya sauya gari, amma ba ya iya sauya mahaifa, don haka wuri ɗaya ake zuwa a ga dukan tarihinsa. Nijar ta gaji wannan tsari na casier judiciaire, kuma har yau mai neman aikin gwamnati ko takara a can sai ya kawo wannan takarda.

A ɓangaren Ingila kuwa, shari'ar yau da kullum ta zauna a hannun En'e. Alƙali ke yanke hukunci, magatakarda ya rubuta a littafin kotu, yari ya tsare. Littafin yana nan a garin da aka yi shari'ar, ba ya zuwa ko'ina. Bayan juyin mulkin 1966 ne gwamnatin soja ta raba En'e da kotuna da gidajen yari da 'yan doka, aka kafa kotunan yanki, gidajen yari suka koma hannun tarayya a 1968. Duk da haka, al'adar barin hukunci a littafin kotun da ta yanke shi ba ta kau ba.

Hanyar Gabas

Fasfo a siffar ɗan littafi mai hoto, kamar yadda aka san shi yanzu, ya samo asali ne daga taron da Majalisar Ƙasashen Duniya ta wancan lokaci ta kira a Paris a 1920, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. Yawancin Hausawa ta hanyar aikin hajji suka fara saninsa.

Shekaru aru-aru alhazai na bin hanyar ƙasa, ta Borno da Wadai da Darfur zuwa gaɓar Bahar Maliya, suna tafiya suna neman guzuri, wasu su shekara biyar, wasu goma, wasu su zauna a hanya har abada. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, dubban mabiyansa suka ci gaba da hijira gabas, ɗansa ya kafa garin Mai Wurno a Sudan. A idon Turawa waɗannan 'yan tawaye ne, amma ba wata takarda da ta tare su a hanya. A wancan zamani hanyar Makka hanyar tuba ce. Mutum kan fita da nauyin abin da ya aikata, da imanin cewa hajji karɓaɓɓe na kankare zunubi, ya komo ana kiransa Alhaji, jama'a su rufe tsohon zance.

Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya yi hajji a 1921 ta jirgin ruwa, ya bi ta Ingila, da cikakkun takardu. Daga shekarun 1920 zuwa 1930 gwamnatin mulkin mallaka ta soma ƙoƙarin shigar da talakawan alhazai cikin tsari: fasfon alhazai, allurar rigakafi, da ajiye kuɗin komowa. Damuwarta a lokacin ita ce annoba, da alhazan da guzuri ya yanke wa a Jidda, da tsoron aƙidar Mahadiyya. Tsohon laifin maniyyaci bai cika shiga lissafi ba. Amma an riga an kafa ƙa'idar da komai zai hau kai daga baya: ba a fita sai da takarda, kuma hukuma ce ke da ikon bayarwa ko hanawa. Jirgin sama ya kammala aikin. Mai tafiya a ƙasa yana da hanya ɗari, mai hawa jirgi ƙofa ɗaya gare shi, kuma akwai jami'i a bakinta. A 1975 aka kafa hukumar alhazai ta ƙasa, wadda NAHCON ta gada a 2006.

Yatsa ya maye gurbin suna

Rajistar da ta dogara da suna rajista ce mai rauni, musamman a ƙasar da gari guda ke da Musa Abdullahi hamsin, kuma ba a rubuta ranar haihuwa. Maganin da 'yan sandan Ingila suka samo shi ne zanen yatsu. An tsara hanyar rarraba shi a Bengal ta Indiya a 1897, Scotland Yard ta ɗauka a 1901, daga nan ya bazu a ƙasashen da Ingila ke mulka. A Najeriya, babbar rajistar masu laifi ta 'yan sanda ta zauna a Alagbon da ke Ikoyi a Legas, kuma daga can ake fitar da takardar shaidar hali da ofisoshin jakadanci ke nema ga mai son zama ko aiki ko dogon karatu. Abin da takardar ke cewa ƙayyadadde ne: an duba yatsun wane, ba a samu hukunci a kansa a rajista ba. Ba ta ce ba a taɓa hukunta shi ba.

Tazarar da ke tsakanin waɗannan maganganu biyu ta fito fili a shari'ar James Ibori, gwamnan Delta daga 1999 zuwa 2007. Abokan hamayyarsa sun kawo hukuncin wata kotun yanki a Bwari na 1995 mai ɗauke da suna irin nasa, suka ce bai cancanci takara ba. Aka yi shekaru ana tafka shari'a kan tambaya ɗaya, ko shi ne ko wani ne mai sunansa, har Kotun Ƙoli, kuma kotuna suka tsaya a kan cewa ba a tabbatar shi ne ba. A London kuwa, ƙananan hukunce-hukunce biyu da aka yi masa a 1991 da 1992 suna nan a ajiye, suka kuma fito lokacin shari'ar da ta kai ga ɗaurin shekara 13 a 2012. Rajista ɗaya ta kasa gane mai sunan, ɗaya ba ta manta ba bayan shekara ashirin.

Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta nemi toshe wannan giɓi. Sashe na 16 ya tanadi babbar rajista a hedikwatar 'yan sanda da rassa a jihohi, ya kuma ce a aika hukuncin kotu cikin kwana 30. Kafin nan, a 2007, Najeriya ta fara fasfo mai ɗauke da hoton yatsu. Raunin rajistar ƙasa kuwa ba gata ba ne ga matafiyi. A ranar 31 ga Janairu 2020 gwamnatin Trump ta dakatar da ba 'yan Najeriya bizar zama na dindindin, kuma daga cikin dalilan da ta bayar har da gazawar Najeriya wajen musayar bayanan tsaro da na masu laifi. Biden ya soke matakin a Janairu 2021. Idan ƙasa ba ta iya bambance mai laifi da marar laifi a takarda, sai a ɗora zargin a kan kowa.

Shekarun dokar soja

Ba a ƙasashen waje kaɗai aka ɗaure tafiya da laifi ba. A mulkin soja na Janar Muhammadu Buhari, ɗan Daura, an rufe iyakokin ƙasa a Afrilu 1984 lokacin canjin kuɗi, ba a buɗe ba sai Maris 1986, bayan an hamɓarar da shi. Rufewar ta zo daidai da fari mai tsanani, har a Nijar ana kiran yunwar shekarar da sunansa. A garuruwan iyaka, kai hatsi ko fetur kasuwar da kakanni suka saba ci ya koma fasa-ƙwauri. Haka aka sake gani daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 har zuwa Maris 2024. Duk lokacin da aka rufe iyaka, akan samu sababbin masu laifi daga cikin mutanen da sana'arsu ba ta sauya ba.

A 1984 ɗin ne kuma aka kafa dokar soja mai lamba 20, wadda ta tanadi kisa ga masu safarar miyagun ƙwayoyi, ta kuma waiwaya baya ta hau kan laifin da aka yi kafin a kafa ta. A ranar 10 ga Afrilu 1985 aka harbe mutum uku a Legas. Gwamnatin Babangida ta mayar da hukuncin ɗauri, ta kafa NDLEA a 1989, sannan a 1990 ta fito da doka mai lamba 33, wadda ta ce ɗan Najeriyar da aka ɗaure a waje kan ƙwaya, idan ya dawo, ana iya sake ɗaure shi shekara biyar saboda ɓata sunan ƙasa. Laifi ya koyi tafiya ta fuska biyu ke nan, yana bin mutum waje, yana kuma biyo shi gida. Daga wannan zamani ne aka gaji takardar wankewa ta NDLEA, wadda wasu ƙasashe irin su Thailand ke nema kafin su ba ɗan Najeriya biza.

Tsarin mulkin 1999, a sashe na 41, ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin fita da shiga. A shari'ar lauya Olisa Agbakoba, wanda jami'an tsaro suka ƙwace wa fasfo a filin jirgin Legas a 1992, Kotun Ƙoli ta yanke a 1999 cewa ƙwacen ya saɓa doka. Amma sashen ya bar ƙofa: ana iya hana fita ga wanda ya aikata laifi ko ake zarginsa bisa hujja. Ta wannan ƙofa kotuna ke karɓe fasfo a matsayin sharaɗin beli, ta nan kuma gwamnati ta sanar a Oktoba 2018 cewa ta hana wasu mutum 50 da ake bincike fita. Wanda ya gama wa'adinsa kuwa, tsohon hukunci shi kaɗai ba ya hana shi fasfo. Matsalarsa tana can gaba, a ƙofar masu masauki.

Abin da kowace ƙofa ke tambaya

Amurka ta fara hana masu tsohon laifi shiga tun 1875, a 1891 kuma ta shigo da ma'aunin da take amfani da shi har yau, wato laifin da ke nuna ɓacin ɗabi'a, kamar sata da zamba da kisa. Dokar Amurka ta yi sassauci ga ƙaramin laifi guda, idan iyakar hukuncinsa a doka bai wuce shekara ɗaya ba, kuma ɗaurin da aka yi wa mutum bai wuce wata shida ba. Wannan sassauci bai shafi laifin ƙwaya ba, komai ƙanƙantarsa. Mai neman bizar ziyara na iya roƙon a ɗage masa haramcin, amma alfarma ce, ba haƙƙi ba. Wanda aka kama ya yi ƙarya a kan abin da ke da tasiri ga bizar kuwa, haramcinsa na har abada ne.

Birtaniya tsawon ɗauri take dubawa. Kafin Disamba 2020, wanda aka ɗaure shekara ɗaya zuwa huɗu yana iya sake nema bayan shekara goma. Daga wannan wata aka tsaurara: ɗaurin wata 12 ko fiye ya zama dalilin hanawa kai tsaye, komai daɗewarsa. Mai ziyara da ɗaurinsa bai kai haka ba sai ya jira wata 12 bayan kammalawa. Yaudara a fom na jawo haramcin shekara goma.

Kanada kan tambayi abu guda: da a Kanada aka aikata wannan, laifi ne, kuma wane iri? Wannan na da muhimmanci ga jihohi irin su Katsina, inda kotunan shari'ar Musulunci ke hukunta laifuka tun farkon shekarun 2000, domin abin da ba laifi ba ne a dokar Kanada ba ya zama dalilin hanawa, ko da yake wajibi ne a bayyana shi. Kanada ta kuma yarda mutum na gyaruwa: bayan shekara biyar da gama hukunci yana iya neman a wanke shi, bayan goma kuma laifi guda marar tsanani kan faɗi da kansa. Waɗannan ƙasashe uku, tare da Ostareliya da New Zealand, suna musayar hoton yatsun masu neman biza, don haka abin da aka faɗa wa ɗaya yana iya isa kunnen sauran.

Saudiyya ta fi damuwa da abin da mutum ya aikata a cikin ƙasarta. Wanda aka kama yana zaman takari akan ɗauki yatsunsa kafin a maido shi, kuma sabon fasfo da sabon suna ba sa sauya yatsa. A 2025 ta sanar da haramcin shiga na shekara goma ga baƙon da aka kama yana hajji ba izini. Safarar ƙwaya a can na iya kai ga hukuncin kisa. Shari'ar wata ɗaliba daga Kano da aka kama a Madina a Disamba 2018 ta nuna haɗarin da ke cikin dogara da takarda: wasu ma'aikatan filin jirgi ne suka liƙa sunanta a jakar da ba tata ba, kuma sai da NDLEA ta gano su, gwamnati ta sa baki, kafin a sake ta a ƙarshen Afrilu 2019.

Ƙofar da ta fi sauƙi ita ce ta kusa. Yarjejeniyar ECOWAS da aka sa wa hannu a Dakar a 1979 ta ba 'yan ƙasashen ƙungiyar damar shiga ba biza har kwana 90, ko da yake ta bar wa kowace ƙasa ikon mayar da wanda dokarta ba ta yarda da shi ba. Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairu 2025, amma ECOWAS ta ce a ci gaba da mutunta zirga-zirgar jama'a har sai an sake shawara. A Kwangwalam har yanzu ba a tambayar takardar shaidar hali ga mai zuwa cin kasuwa ko biki.

Afuwa ba ta ƙetara teku

Sashe na 175 na tsarin mulki ya ba shugaban ƙasa ikon afuwa, na 212 ya ba gwamna. Da irin wannan iko aka wanke Olusegun Obasanjo, wanda kotun soja ta ɗaure a 1995 kan zargin juyin mulki, ya fito a 1998, ya ci zaɓe a 1999. Abokin shari'arsa, Shehu Musa 'Yar'aduwa na Katsina, bai ga wannan rana ba, ya rasu a gidan yarin Abakaliki a Disamba 1997. Buhari kuwa an tsare shi a Benin daga 1985 zuwa 1988 ba tare da an kai shi kotu ba, don haka bai taɓa ɗaukar hukunci ba. Tsarewa daban, hukunci daban, ko da yake fom ɗin Amurka duka biyun yake tambaya.

A ƙa'idar Amurka, afuwar da wata ƙasa ta yi ba ta goge dalilin hana biza. Abin da dokarta ta keɓe shi ne laifin siyasa zalla. Ko wannan ma bai hana abin kunya ba, domin Nelson Mandela, bayan ya shugabanci Afirka ta Kudu, sai da izini na musamman yake shiga Amurka saboda tsohon matsayin jam'iyyar ANC a dokarta, har sai da majalisa ta gyara a 2008. Birtaniya ma, wadda dokarta ta 1974 ta yarda ƙananan laifuka su shuɗe bayan wasu shekaru, ta cire sha'anin shige da fice daga wannan rangwame a 2012. Hukuncin da kotun sama ta soke shi ne kaɗai ke tashi gaba ɗaya, shi ya sa ɗaukaka ƙara ta fi afuwa amfani ga mai niyyar tafiya.

Komawa Sandamu

Duk wannan tarihi yana sauka ne a ɗan ƙaramin ɗakin kotu, ranar da aka gurfanar da saurayi ba lauya. Sau da yawa 'yan uwa kan ba shi shawarar ya amsa laifi, a ci shi tara, a biya, kowa ya huta, maimakon a tura shi gidan yari jiran shari'a. A lissafin wannan rana shawarar tana da ma'ana. Amma amsa laifi hukunci ne cikakke, kuma sunan laifin da aka rubuta ya fi yawan tarar nauyi a idon jami'in biza. Tarar naira dubu biyar kan sata ko ƙulli ɗaya na tabar wiwi na iya rufe ƙofar da tarar dubu hamsin kan laifin tuƙi ba za ta rufe ba. Dokar laifuka ta Arewa ta daɗe da yarda a sasanta wasu ƙananan laifuka tsakanin mai ƙara da wanda ake ƙara, kuma sulhun dattawa kafin a kai ga hukunci yakan ceci abin da ba a gani a lokacin.

Wanda hukunci ya riga ya hau kansa kuwa, abin da zai taimake shi shi ne takardun da kakanninsa ba su taɓa bukata ba: kwafin hukuncin da kotu ta hatimce, rasit ɗin tara, shaidar kammala wa'adi, da sashen dokar da aka yi amfani da shi. Da su ne jami'in wata ƙasa zai auna ko laifin ya shiga cikin waɗanda ake yafewa. Littattafan kotu kan lalace, gara da ruwan sama ba sa jiran kowa, don haka karɓar kwafi tun da wuri ya fi nemansa bayan shekara goma sha biyar. Dillalin biza da ke cewa a rubuta a'a, ai ba wanda zai sani, yana iya yin daidai a yau, tunda ba kowane hukuncin ƙaramar kotu ke isa Alagbon ba. Sai dai rajistar tana ƙara haɗewa kowace shekara, amsar da aka bayar kuma tana nan a ajiye tare da yatsun mai ita. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma a dokokin da aka zayyana hukuncin ƙarya ya kan fi na ƙaramin laifin da aka ɓoye tsawo.

A Fabrairu 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, wanda zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Idan ya kammala, jikokin fatake za su yi cikin sa'o'i tafiyar da ayari ke yi a makonni. A zamanin ayari, madugu ne ke tsayawa ya ce ya san wane, ya san abin da ya taɓa yi, ya kuma san ya daina. Rajistar zamani ta iya riƙe kashi biyu na farko fiye da kowane madugu. Na ukun ne har yanzu sai mutum ya zo da hujjarsa a hannu.